Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Ministan Bunƙasa Kiwon Dabbobi: Ina Aka Kwana Kan Aikin Farfesa Nok?

Ranka ya daɗe, ina gaisuwa. Allah ya taya riƙo.

Da aka ƙirƙiro ma'aikatarka a 2024, an ce kiwo zai zama arzikin ƙasa. Mun ji maganar burtali, da gandun kiwo na zamani, da inganta irin shanu, da rage kuɗin da ake kashewa wajen shigo da madara. Duk mun yarda. Amma wace saniya ce za ta ba da madarar alhali sammore yana shanye mata jini?

Ka san sunan Farfesa Andrew Jonathan Nok. Ɗan ƙauyen Nok ne a ƙasar Jaba, malami a Jami'ar Ahmadu Bello, Zariya, ya kuma ƙarar da ƙuruciyarsa a kan ƙwayar cutar da ƙudan tsando ke ɗauka, wadda ke sa mutum ciwon barci, ta sa dabba sammore. Abin da ya hana duniya samun rigakafinta har yau shi ne yadda take sauya riga: kafin garkuwar jiki ta gane ta, ta riga ta sake kama. Nok bai bi rigar ba, sai ya bi makamin ƙwayar, wani sinadari da ake kira sialidase. Da shi ƙwayar ke kankare abin da ya lulluɓe jajayen ƙwayoyin jini, jiki ya ɗauke su a matsayin lalatattu ya hallaka su. Daga nan ne ƙarancin jini ke farawa. Gano ƙwayar halittar da ke samar da wannan sinadari ya ba shi kyautar kimiyya ta kamfanin iskar gas na NLNG a 2009, Jamusawa kuma suka karrama shi da kyautar gidauniyar Humboldt a 2013. Shi ya jagoranci cibiyar binciken cututtukan da aka yi watsi da su, wadda Bankin Duniya ya tallafa wa a Zariya. Ya rasu a Nuwamban 2017 yana kwamishinan ilimi na Jihar Kaduna, da shekara 55 kacal.

An yi ta'aziyya, an yi jawabai masu daɗi. Allurar rigakafin sammore da yake fata dai ba ta iso ruga ba.

Ranka ya daɗe, ka leƙa kara ranar kasuwa. Za ka ga makiyayi ya ɗaga leɓen saniyarsa, dasashi fari fat, gashi a tsaye, idanu na zubar da ruwa, nono ya ƙafe. Zai sayi ƙunshin Berenil ko Samorin a kan tebur, ya dama da fiya wata, ya raba wa shanu uku abin da ya kamata a yi wa guda. Magungunan nan tun shekarun 1950 da 1960 ake amfani da su, ƙwayar ta fara raina su, ga jabu ya cika kasuwa. Dutsen Jos da a da ake gudu can saboda babu tsando, yanzu cutar ta hau. A gandun kiwo na Ladduga da ke ƙasar Kachia ma sun san ta sarai. To idan Bunaji da Rahaji, da aka haifa a ƙasar nan, suna faɗuwa, me kake tsammani daga shanun Turawa da ake son kawowa? Sai dai su yi kyau a hoton ranar ƙaddamarwa.

Na san za a ce cibiyar binciken sammore da ke Kaduna tana ƙarƙashin ma'aikatar kimiyya, jami'a kuma ta ma'aikatar ilimi ce. Amma shanun da ke mutuwa naka ne. Don Allah ka ware kuɗi da suna, a cikin kasafi, domin ci gaba da wannan bincike har a gwada shi a jikin dabbobi yadda ya kamata. Ɗaliban da Nok ya yaye suna nan, wasunsu sun zama farfesoshi. Mai yiwuwa hanyar ta ɓulle, mai yiwuwa ta toshe, gwaji ne kaɗai zai nuna. Ka tara su da mutanen cibiyar Kaduna da na cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom a zaure ɗaya, ka tambaye su nawa aikin zai ci, da shekara nawa.

Akwai batun jabun magunguna, akwai ƙarancin malaman dabbobi a karkara, akwai tarkon tsando da ya kamata a raba. Waɗannan sai wani jiƙon. A yanzu muna jiran mu ga layin sammore a kasafin kuɗin ma'aikatarka na baɗi.

Naka,
Wani ɗan makiyaya daga Kudancin Kaduna