Masuntan Kanada sun yi kuka, ba a saurare su ba

Malam Edita,

Ka ba ni fili in yi tsokaci kan kifin kod na gaɓar Newfoundland a Kanada. Tun shekarun 1980 masunta masu ƙananan jirage ke kukan kifin ya ja baya, ɗan abin da ke shiga komarsu ma ƙanana ne. Hukuma ta fi gaskata lissafin manyan jirage masu jan taru, alhali irinsu ne suka kwashe mafi yawan tan 800,000 da aka kama a 1968. A Yulin 1992 ministan harkokin kamun kifi na ƙasar, John Crosbie, ya hana kamun, mutum wajen 30,000 suka rasa sana'a. Hanin shekara biyu aka ce, sai ga shi ya kai 2024, aka buɗe da tan 18,000 kacal. Abin takaici, har manyan jiragen an sake ba su kaso.

Naka,
Mai karatu daga Kano