Kada a yanke tallafi ranar da aka samu aiki

Ranka ya daɗe Edita,

Ina jan hankalin masu tsara tallafi ga iyalai masu ƙaramin ƙarfi kan kuskuren da ake yawan yi: yanke tallafi gaba ɗaya da zarar kuɗin shigar gida ya haura adadin da aka ƙayyade. Uwa ta samu ɗan ƙarin albashi, sai ta rasa tallafin abinci, da na renon yara, da na magani a wata guda. Abin da ta rasa ya fi abin da ya ƙaru, ga kuɗin mota zuwa aiki. In ta ƙi ƙarin girma, lissafi ta yi, ba lalaci ba ne.

Maganin shi ne a riƙa rage tallafin kaɗan-kaɗan gwargwadon yadda albashi ke hawa.

A Amurka akwai wani shiri tun 1990 na masu samun tallafin haya, waɗanda ke biyan kusan kashi 30 cikin 100 na abin da suke samu a matsayin kuɗin haya. Iyali kan sa hannu a yarjejeniyar shekara 5, a haɗa su da jami'in da zai bibiyi horonsu da neman aikinsu. Idan albashi ya ƙaru haya ta hau, sai a zuba wannan ƙarin a asusu na musamman, su karɓa in sun cika sharuɗɗa. Wanda ya fita kafin lokaci yakan rasa kuɗin, kuma rashin mai riƙe yara na cikin abubuwan da ke fitar da iyaye mata, don haka a fara warware shi kafin a tura su horo.

Huta lafiya.