Wasiƙa zuwa Hamamatsu: Hondar Baba ta tashi

Assalamu alaikum, aminina.

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, da kai da iyali. Ya karatu, ya kuma sanyin can? Mu nan Kano hunturu ya fara shigowa, kowa lafiya lau, Hajiya tana gaishe ka da kyau.

Hotunan da ka turo na taron masu tsofaffin babura sun iso, kuma ban san sau nawa na buɗe su ba. Wanda ya fi tsaya mini a rai shi ne na dattijon nan da ya durƙusa yana goge salansar Honda CB750 da ƙyalle, kamar mai yi wa jariri wanka. Babur ɗin da ya fito tun 1969, mai silinda huɗu da birkin faifai a gaba, ga shi yana walƙiya kamar jiya aka sauke shi. Kai kam ka dace da gari. A can Hamamatsu ta ƙasar Japan Soichiro Honda ya kafa kamfaninsa a 1948, a can kuma Suzuki ta fara da ƙera injin saƙa, Yamaha da kayan kiɗa, kafin su shiga harkar babur.

To, albishirinka! Hondar Baba ta tashi.

Ka tuna jar CG125 ɗin nan da ke jingine a zaure, wadda muke hawa muna kwaikwayon ƙararta da baki? Baba ya saye ta ne 'yan shekaru bayan kuɗin Udoji, wato babban ƙarin albashin nan da gwamnati ta yi wa ma'aikata, lokacin da malaman makaranta suka fara ajiye keke. Tun rasuwarsa, Allah ya jiƙansa, ba wanda ya taɓa ta. Watan jiya na dawo daga aiki na tarar da ɗan gwangwan a ƙofar gida da sikelinsa, ƙanena yana ciniki da shi a kan kilo. Wallahi sai da gabana ya faɗi. Na ba shi haƙuri, na tura ta da hannu har wurin wani tsohon bakanike a Fagge.

Mutumin nan bai ce komai ba da farko. Ya zagaya ta, ya sa babban yatsa a ramin fulogi, ya taka kik a hankali, sai ya ɗago yana murmushi ya ce, "Alhaji, da sauran numfashinta." Tankin ya yi tsatsa, sai da aka zuba tsakuwa da kananzir aka yi ta girgizawa. Kabureta ta toshe da tsohon mai da ya daskare kamar ƙaro. Ya kwance ta a kan faranti, ya bi kowane ƙaramin rami da siririyar waya. Muka sauya fulogi da baƙin mai da tayoyi. Rana ta uku, a taku na huɗu, ta amsa. Ƙarar nan da muke ji tun daga bakin layi mu san Baba ya dawo, ita ce dai, ba ta canja ba. Hajiya da ta ji ta a ƙofar gida sai ta fito, ta tsaya tana share hawaye da gefen mayafi.

Da na bi tarihinta sai ta ƙara girma a idona. Kafin Honda ta fitar da CG125 a 1975, injiniyoyinta sun zaga ƙasashen kudu maso gabashin Asiya, suka ga iyali guda a kan babur ɗaya, suka ga ana barin baƙin mai har ya koma kamar kwalta. Maimakon su ɗora wa mutane laifi, sai suka ƙera inji mai sandunan tura bawul wanda zai jure wannan wahala. Wato don irinmu aka yi ta. Da yawa daga cikin baburan China da suka cika titunanmu ma tsarin wannan injin suka ɗauka, amma ka ɗaga murfin inji na da da na yanzu, hannunka zai gaya maka bambanci.

Abin da ke ci mini rai shi ne yadda muke zubar da su. Benli, Suzuki A100, roba-roba, duk suna tafiya wurin narkarwa a kan kuɗin da bai kai na buhun shinkafa ba, alhali a can mutane na neman ko da murfin tanki na asali. Ita roba-robar nan, Super Cub, tun 1958 ake yin ta, kuma a 2017 adadinta ya kai miliyan 100. Mun samu mu biyar yanzu masu irin wannan ra'ayi, muna haɗuwa ranar Asabar da yamma a rumfar bakaniken, ana shan shayi ana musayar kayan gyara.

Ga roƙona. Tambarin fiffike na gefen tanki ɗaya ya ɓace, gilashin mita kuma ya tsage. Na zaga Sabon Gari da Ƙofar Ruwa, sai jabu kawai. Don Allah ka tambayi dattijon nan inda suke samun na asali, ko da tsoho ne. Zan turo maka hoton lambar inji. In kuma ka samu hutu ka je gidan tarihin Honda da ke Motegi, ka ɗauko mini hoton CG idan ka gan ta.

In ka zo hutun Sallah, ni zan ɗauko ka a kanta mu je Dala. Ka gaida madam da yara.

Naka har kullum,
Amininka na Kano