Amsa ga Malam mai maganin jarirai, kan batun kashin jinjiri

Assalamu alaikum, Malam.

Na ji tambayar da ka jefo mini a rediyo, duk Damagaram na saurare: wai wace irin ungozoma ce za ta ce jariri ya kwana 5 bai yi kashi ba kuma lafiyarsa lau, ko biya na aka yi in kashe ƴaƴan talakawa? Albarkacin furfurarka zan amsa da ladabi, amma kalmar kisan nan ta yi mini ciwo. Ka bi Birni da Zango ka tambayi matan da na karɓi haihuwarsu, su gaya maka ko ni wace ce.

Rabin maganata ka ɗauka, ka zubar da rabi. Jariri sabon haihuwa ba ya jira. Kashinsa na farko, baƙin nan mai danƙo kamar kwalta, dole ya fito cikin awa 24 zuwa 48, kuma dakashin nan da ake sa mai jego ta matse ta zubar, in jariri ya sha, yana taimakawa wajen fitar da shi. Ranar 3 ko 4 sai ya yi kore, wajen ranar 5 ya koma ruwan ɗorawa, mai laushi da ƴan gudaji. A makonnin nan yakan yi sau 3, sau 4 ko fiye a rana, wani ma duk ya sha nono sai an canza masa tsumma, kuma ba zawo ba ne. In ɗan mako 2 ya rage kashi da fitsari, ƙila nono ne bai isarsa, a kawo shi.

Wanda na yi magana a kansa shi ne wanda ya wuce arba'in, yana shan nono zalla. Shi kam yana iya kwanaki, har mako, bai yi ba. Muddin yana tsotso, yana jiƙa tsumma sau 6 ko fiye a rana, nauyinsa na ƙaruwa a sikeli, in ya yi kuma da laushi ya fito, a ƙyale shi. Kumburin ciki, koren amai, jini, farin kashi, zazzaɓi ko ƙin kama nono, waɗannan sai asibiti nan take.

Ka kuma ce kakanninmu ba su san sikeli ba; gaskiya ne, ba zan tsaya nan ba.

Malam, ba ka gaya wa masu saurare cewa bauri kake sayarwa ba. Ni ake kawo wa yaran bayan an ɗura musu jiƙo, an cusa musu sabulu a dubura: maɗiga ta faɗa, ido ya zurma, uwar ƴar shekara 17 tana kuka don uwar miji ce ta sa ta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce nono kaɗai har wata 6, ko ruwa ba a ba shi, ko da zafin bazara ne. Ka dawo rediyon ka faɗa mana abin da ke cikin kwalbar taka, da adadin da kake sa a ɗura wa ɗan kwana 10.