Kaskon Iya da amalanken mai knish

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Abin da na gani ranar Talata a bakin titin unguwarmu ne ya hana ni yin shiru. Akwai wata dattijuwa, Iya muke ce mata, ta fi shekara goma tana suyar ƙosai da dankali a wurin. Wasu ma'aikata suka zo suka jefa kaskonta a mota, mai ya malale a ƙasa, ƙullun da ta yi sammako ta kai niƙa ya kife. Ita dai cewa take, "Ɗana, to ina zan koma?" Ba wanda ya tanka mata.

Tun ranar nake tuna wani abinci da ya rufa mini asiri lokacin da na yi zaman karatu a Niyok, sunansa knish. Dankalin turawa ne, irin wanda ake sauke mana daga Jos a kasuwar 'Yankaba. A dafa shi, a murƙushe da soyayyiyar albasa da gishiri da masoro, a naɗe a cikin kwaɓin fulawa mai laushi, a gasa. Girmansa kamar dunƙulen hannu. Akwai kuma mai kusurwa huɗu da ake soyawa. Ranar da sanyi ya fi tsanani, sai na saya na riƙe da hannu biyu ya ɗumama mini yatsu kafin na kai baki. Kuma na dankali babu nama a ciki, don haka hankalina kwance nake ci.

Yahudawan gabashin Turai ne suka kai shi Amurka, cikin mutum kusan miliyan biyu da talauci da tsangwama suka koro tsakanin 1881 da 1924. Sun cunkushe a unguwar Lower East Side, da yawansu ba su da jarin da ya wuce amalanke. Wani baƙo daga Romaniya, Yonah Schimmel, da tura amalanke ya fara sayar da knish. Shagon da ke ɗauke da sunansa yana titin Houston tun 1910, kuma da ƙafata na shiga na ci.

Su ma can an kori masu amalanke daga titi. Magajin garin Niyok na wancan lokacin, La Guardia, bai ƙaunaci ganinsu ba ko kaɗan. Amma ya gina musu kasuwanni masu rufi, cikinsu har da ta titin Essex da aka buɗe a 1940. Ba kowa ne ya samu rumfa ba, wannan gaskiya ne, sai dai an nuna wa mutane inda za su koma.

Ban ce a bar titi ya cushe ba. Ni ma ina shan wahalar cunkoso kullum in zan ratsa ta Kantin Kwari. Roƙona ga hukuma shi ne a ware wa masu suya ɗan fili a kowace unguwa, da kuɗin haya daidai ƙarfinsu, kafin a aiko mota. Da kaskon nan Iya take ciyar da jikoki huɗu marayu, har da kuɗin makarantar allo da na boko. Yau kwana biyar ke nan, in yara sun fito da safe da kwanonsu sai su tarar da duwatsun murhu uku da toka, su juya.

Naku mai karatu,
daga Fagge, Kano