Ga Matasanmu Masu Neman Shiga Sojan Amurka: Kada Ku Ɓoye Tabon Tiyata

Ranka ya daɗe Edita,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina roƙon a ba ni ɗan fili in ja hankalin matasanmu mazauna Amurka masu sha'awar aikin soja, da iyayen da ke shirin turo 'ya'yansu daga gida. Dokar ƙasar nan ta yarda wanda yake da takardar zama ta dindindin ya shiga soja, kuma yaranmu na Bronx suna nema, amma abin da ke damuna shi ne gurguwar shawarar da wasu ke ba su cewa in an taɓa yi wa mutum tiyata, ya yi gum da bakinsa.

Duk mai neman shiga sai ya bi ta cibiyar tantancewa da ake kira MEPS, inda likita zai sa ya tuɓe ya duba shi daga kai har ƙafa bisa ƙa'idar Ma'aikatar Tsaro mai lamba 6130.03. Tun 2022 cibiyoyin ke amfani da manhajar MHS Genesis wadda ke zaƙulo tarihin jinyar mutum daga asibitocin ƙasar. Aikin da aka yi a Kumasi ko Maraɗi ko Kano ba zai fito a kwamfuta ba, amma ɗinkin yana nan a jiki, kuma shiga soja da ƙarya laifi ne da kan jawo kora, wani lokaci har da gurfana gaban kotun soja.

Abin da mutanenmu ba su sani ba shi ne, ko likitan MEPS ya ce mutum bai cancanta ba, magana ba ta ƙare ba. Kowace runduna tana da likitocinta masu ikon ɗaga ƙafa idan suka gamsu cewa ciwon ya warke sarai kuma ba zai dawo ba a filin horo. Ba abin kunya ba ne. Binciken Ma'aikatar Tsaro na 2020 ya nuna kashi 77 cikin 100 na matasan Amurka masu shekara 17 zuwa 24 ba za su cancanta ba sai da irin wannan sassauci.

Sai dai ɗaga ƙafar da takarda ake yin ta. Ɗan ƙanena an yi masa aikin gwaiwa a gida yana ɗan shekara tara, tabon bai kai tsawon yatsa ba, kuma yaron yana gudun kilomita biyar kowace safiya. Da aka nemi rahoton likitan da ya yi aikin, mahaifiyarsa ta yi wata huɗu tana safa da marwa zuwa asibitin, ana ce mata fayil ya ɓata, ba ta da komai a hannu sai wani tsohon kati da ruwa ya cinye rubutunsa. Sai da wani likita a nan ya sake duba shi ya rubuta sabon rahoto kafin a saurare shi.

Saboda haka ina kira ga iyaye da su karɓi rahoton tiyata da takardar sallama tun ranar da aka sallami yaro daga asibiti, su adana su tare da takardar haihuwarsa. 'Yan'uwanmu na Nijar da Kamaru da Chadi waɗanda takardunsu ke cikin Faransanci kuwa, su sa a fassara musu zuwa Ingilishi tun kafin yaro ya je gaban jami'in ɗaukar sojoji.

Naku,
Wani mai karatu daga Bronx, New York