Koren filin golf ba daga sama yake faɗowa ba

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Na saurari shirinku na wasanni a kan gasar golf ta Masters, inda mai gabatarwa ya yi ta zuba wa filin Augusta na jihar Jojiya a Amurka yabo, wai kamar an shimfiɗa darduma. Ban musa ba, ni ma idona ya sha kallo. Sai dai ya tsaya a yabon, bai gaya mana da me ake sayen wannan koren ba.

Tun 1934 ake wannan gasa a Augusta. Rufe filin ake yi duk tsawon lokacin zafi, da kaka a yafa sabon irin ciyawa, don ta yi shar daidai lokacin da kyamarori za su iso a watan Afrilu. Ƙarƙashin wuraren da ramukan jefa ƙwallo suke kuwa, bututai ne da injin da ke zuƙe danshi. Kuɗin masu filin ne, ba na jayayya. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne, duk mai filin golf da ya ga wannan a talabijin sai ya ce shi ma haka yake so, ko da a tsakiyar hamada yake. Kwarin Coachella a Kalifoniya hamada ce ƙiri-ƙiri, amma akwai filayen golf sama da 100 a cikinsa, kowanne na shan ruwa da taki da maganin ƙwari.

Ba ruwa kaɗai ba ne. A Menie da ke Sikotland, filin da Donald Trump ya buɗe a 2012 ya hau kan tuddan rairayin bakin teku masu tafiya da iska. A 2020 hukuma ta cire wannan ɓangare daga jerin wuraren da ake karewa, domin abin da ake karewar ya riga ya lalace. A Faransa ma, lokacin farin 2022, an hana mutane ban ruwan lambunansu amma aka ɗaga wa filayen golf ƙafa, har wasu masu fafutuka suka cika ramukan filayen golf da siminti a kusa da Tulus. Ban goyi bayan simintin ba, amma na fahimci haushin.

Wanda nake so ku ba da labarinsa shi ne filin golf na Pinehurst mai lamba 2 a jihar Karolina ta Arewa a Amurka. Kafin gasar US Open ta 2014 an tuge kimanin eka 35 na ciyawa, aka bar yashi da tsiran da wurin ya gada. Ruwan da ake kwararawa a shekara ya sauko daga galan miliyan 55 zuwa wajen miliyan 15. Na kalli gasar: gefen filin ja-ja, ƙwallo na faɗuwa ƙura na tashi, wani lokaci ta mirgina ta lafe a gindin ciyawar daji, ɗan wasa ya tsaya yana sosa ƙeya. Wasu sun ce filin ya yi muni. Ni kuwa ban taɓa jin daɗin kallon golf kamar ranakun nan ba. Ai a bakin tekun Sikotland wasan ya girma, inda tumaki da zomaye ne ke aske ciyawar.

Don haka idan babbar gasa ta sake zagayowa, don Allah wakilinku ya tambaya mana galan nawa filin ke sha, kuma daga ina ake jawo ruwan.

Naku,
Mai sauraronku na kullum